Gwandu da Kalgo: Labarin Ƙasa da Tarihin Garuruwa Biyu



Da takardar gayyata ta iso mini, aka ce in zo in yi magana a kan tarihin wani gari na ƙasarmu, na san da yawa daga cikinku sun ɗauka Kano ko Katsina ko Sakkwato zan ɗauko. Sai ga shi na zo muku da ƙananan garuruwa biyu na Jihar Kebbi, wato Gwandu da Kalgo. Abin da ya jawo haka kuwa wata 'yar hira ce da na yi da wani ɗalibi, haifaffen jihar. Na tambaye shi inda Sarkin Gwandu yake zaune, ya ce Birnin Kebbi. Na ce, to, me ya sa ba a ce masa Sarkin Birnin Kebbi? Ya yi shiru. Na sake tambayarsa ko ya taɓa sa ƙafarsa a garin Gwandu, ya ce bai taɓa ba. Ban ga laifinsa ba, domin abin da ba a koya wa yaro ba, ba a tuhumarsa a kansa. Amsar wannan tambaya ita ce laccata ta yau. Abin da nake so in nuna shi ne, wurin da Allah ya aza gari yana da hannu babba a ɗaukakarsa, yana kuma da hannu a ja da bayansa, kuma a zamanin nan wani kaso na wannan iko ya dawo kan teburinku.

Tudu da fadama

Bari mu fara da labarin ƙasa, don tarihi ba ya tafiya a kan iska. Gwandu tana gabas da Birnin Kebbi da kimanin mil 30, daura da iyakar Jihar Sakkwato ta wajen Tambuwal. Argungu kuma tana arewa maso yamma da ita da kimanin mil 20. Ku riƙe wannan tazara, za mu bukace ta nan gaba. Kalgo kuwa tana kudu da Birnin Kebbi da kimanin mil 10, a gefen kwarin Gulbin Kabi, wato kogin nan da ke gangarowa daga Sakkwato, ya ratsa ta Argungu da Birnin Kebbi, ya karɓi Gulbin Zamfara a wajajen Bunza, sa'an nan ya je ya faɗa Kwara.

Ƙasar wannan yanki iri biyu ce, kuma kowane manomi ya san su: tudu da fadama. A tudu ake shuka gero da dawa da wake da gyaɗa, ana dogara ga ruwan sama na 'yan watanni. A fadama kuwa, inda gulbi ke malala da damina ya bar laka, nan ake noman shinkafa, da rani a yi lambu, a yi su, makiyaya kuma su sauko da shanu. Kalgo garin bakin fadama ce. Gwandu garin tudu ce, amma tana kwance cikin wani ɗan kwari mai damshi, wanda ƙananan tsaunuka masu shimfiɗaɗɗen kai suka kewaye, samansu duk marmara da tsakuwa.

Waɗannan tsaunuka sun sa sunan Gwandu ya shiga littattafan da ba na tarihi ba. Masana duwatsu da ma'adinai sun raɗa wa wani babban shimfiɗin yashi da yumɓu da ke ƙarƙashin yammacin ƙasar Sakkwato da Kebbi sunan Gwandu. Wannan shimfiɗi yana riƙe da ruwa mai yawa, har a waɗansu wurare na kwarin gulbi an haƙa rijiyoyin burtsatse da ruwa ya riƙa tunkuɗowa da kansa ba tare da famfo ba. Saboda haka injiniyan da ke aikin ruwa a Argungu ko Birnin Kebbi yakan ambaci Gwandu kullum, ko da bai san labarin garin ba.

Sunayen garuruwan ma ƙasa ce ta ba su. Gandu dai kun san shi, babbar gona ce ta maigida ko ta sarki. Abin da aka ruwaito shi ne, wurin gandun Muhammadu Kanta ne, wanda ya kafa daular Kabi a farkon ƙarni na 16, ya fitar da ita daga ƙarƙashin Songhai, ya gina birnin Surame. Kalgo kuwa sunan itacen nan ne mai tsagaggen ganye da ke cika saura, wanda ake yin igiya da ɓawonsa, dabbobi kuma su ci 'ya'yansa. Ba baƙon abu ba ne Bahaushe ya kira gari da sunan itace: ga Rimi, ga Tsamiya, ga Kukawa can a Barno.

Yadda gandu ya zama fada

Kusan shekara ɗari uku Gwandu tana zaman ƙauyen Kabawa, ba wanda ya damu da ita. Abin da ya canza mata rayuwa shi ne jihadi. A watan Fabrairu na 1804 Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi hijira daga Degel zuwa Gudu. A watan Yuni jama'arsa suka ci nasara a Tabkin Kwatto, amma kafin shekarar ta ƙare suka sha mummunan kaye a Tsuntsuwa. Ga yunwa, ga rashin mazauni, suka gangara Zamfara suka zauna a Sabon Gari. Daga nan ne a 1805 rundunar da Malam Abdullahi, ƙanen Shehu, yake cikin jagororinta ta ci Birnin Kebbi, Sarkin Kabi Muhammadu Hodi ya fice. Da ƙasar Kabi ta buɗe, sai Shehu ya kwaso jama'a ya sauka a Gwandu cikin shekarar nan.

Me ya sa Gwandu, ba Birnin Kebbi mai ganuwa da kasuwa ba? Ku duba abin da jama'a mai gudun hijira take bukata: ruwan sha, abinci, makiyaya, da wurin da abokin gaba ba zai afka mata farat ɗaya ba. Kwarin Gwandu yana da ruwa, ƙasar da ke kewaye da shi ƙasar hatsi ce, fadama ba ta da nisa, tsaunuka kuma sun yi mata garkuwa. Ba a daɗe ba aka gwada wannan zaɓi. Wajen ƙarshen 1805 haɗakar Gobirawa da Azbinawa da Kabawa ta karya rundunar jama'a a Alwasa, aka yi hasarar rayuka masu yawa, waɗanda suka tsira suka ja da baya zuwa Gwandu, wadda a lokacin ko ganuwa ba ta da ita. Maƙiya suka biyo su har gida. Masu tarihi sun ce tsakuwar da ke kan tsaunukan nan ta hana raƙuman Azbinawa sakewa, jama'a kuma suka tsaya tsayin daka har suka fatattaki masu kawo harin. Da Gwandu ta faɗi a kwanakin nan, da wuya a ce da akwai daular Sakkwato da za mu karanta. A shekarar da ta biyo, wato 1806, Muhammadu Bello ya fara gina wa garin ganuwa.

Irin wannan ya faru a waɗansu sassan duniya, inda masu ƙaramin ƙarfi suka jingina da dutse. Can a ƙasar Chechniya, cikin duwatsun kudancin Rasha, akwai wani ƙauye da ake kira Bedeno, wanda Imam Shamil ya mai da shi hedkwatarsa lokacin da yake yaƙi da sojojin sarkin Rasha, har zuwa 1859 da suka ci ƙauyen. Shi ma ba girmansa ne ya sa aka zaɓe shi ba, wuyar isa gare shi ce. Amma irin wannan gari yana da wani rauni: abin da ya sa ya yi daɗin ɓuya, shi ne ke sa ya yi wuyar ciniki da mulki idan ƙura ta lafa.

Bayan faɗuwar Alƙalawa a 1808, Shehu ya bar Gwandu ya koma Sifawa, Bello kuma ya gina Sakkwato. A 1812 aka raba aikin kula da ƙasa biyu: gabas a hannun Bello, yamma a hannun Abdullahi. Da Shehu ya rasu a 1817 aka yi wa Bello mubaya'a, Malam Abdullahi ya tare a Gwandu, dangantaka ta yi sanyi tsakanin baffa da ɗa. Wajen 1820 tawaye ya taso a Kalambaina, wani gari kusa da Gwandu, Bello ya zo da runduna ya taimaki baffansa, suka kashe wutar tare, suka shirya. Daga nan daula ta zauna da fada biyu. Ƙarƙashin Gwandu akwai Yawuri da Nupe da Ilori ta kudu, ta yamma kuma akwai Say, wadda ke Jamhuriyar Nijar yanzu, har zuwa Dori ta ƙasar Liptako, wadda ke Burkina Faso. Ku auna wannan faɗin ƙasa da ɗan kwarin da ake mulkinta daga ciki.

Garin littattafai

Ko a ganiyarta, Gwandu ba ta zama babban birni irin Kano ba. Abin da ta yi fice da shi ilmi ne, kuma wannan halin wanda ya kafa gidan ne. Malam Abdullahi mutum ne da mulki bai rufe wa ido ba. A 1807, da ya ga son duniya ya fara shiga zukatan waɗansu mayaƙa, sai ya bar runduna ya nufi gabas da niyyar zuwa Makka. Mutanen Kano suka tsai da shi, ya karantar da su, ya rubuta musu Liya'ul Hukkami a kan yadda ake tafiyar da mulki, sa'an nan ya komo. Shi ne mai tafsirin nan Liya'ut Ta'awili, da Tazyinul Waraƙati, da littattafan nahawu da sarfu da ake karantawa a zaurukanmu har yau. Ya rasu a 1829, kabarinsa kuma yana nan Gwandu ana ziyartarsa.

Muna da shaidar wani baƙo a kan yadda garin yake a zamanin ɗansa, Sarki Halilu, wanda ya yi mulki daga 1833 zuwa 1858. A watan Mayu na 1853 Bajamushen nan mai yawon bincike, Heinrich Barth, wanda Hausawa suka sani da Abdulkarimu, ya sauka a Gwandu a kan hanyarsa ta zuwa Tumbuktu. Ya ga garin cikin kwarinsa, ya ambaci ayaba da albasar da ake nomawa a wurin, ya ce kasuwar ba ta da girma. Halilu, wanda ya fi karkata ga ibada da keɓewa, bai yarda sun gana ba. Amma a wannan ɗan gari ne aka ara wa Barth kwafen Tarihus Sudan, littafin tarihin Songhai da Abdurrahman Sa'adi ya rubuta a ƙarni na 17. Ya kwashe kwanaki yana kwafe sassansa, aka buga su a Jamus a 1855, ko da yake ya yi kuskure ya jingina littafin ga Ahmad Baba. Ta wannan hanya ce masanan Turai suka fara sanin jerin sarakunan Songhai dalla-dalla. Jama'a, littafin nan a hannun malamanmu yake, baƙo ya zo ya karanta shi cikin 'yan kwanaki, ya yi suna da shi a duniya. Wannan abin tunani ne.

Yadda fada ta tashi

Yanzu ku tuna da mil 20 ɗin nan da ke tsakanin Gwandu da Argungu. Kabawa ba su taɓa haƙura da ƙasarsu ba, kuma wajibi ne mu ba da labarinsu da adalci, domin su ma suna da hujjarsu, jikokinsu kuma suna zaune a wannan zaure. A 1849 Yakubu Nabame ya ɗaga tutar Kabi a Argungu, Arawa da Zabarmawa da mutanen Dendi suka mara masa baya. Nan da nan hanyar Gwandu ta zuwa ƙasashenta na yamma ta zama mai haɗari, kwarin gulbi ya koma bakin daga. A 1860 Sarkin Gwandu Haliru ya rasu a fagen fama da Kabawa. Daga nan sarakunan suka riƙa zama a Ambursa, kusa da gulbi, domin ba ya yiwuwa a tsare fadama daga bayan tsauni. An yi sulhu a 1867, wanda ake kira Lafiyar Toga, da sunan Sarkin Kabi Abdullahi Toga, amma bayan 'yan shekaru yaƙi ya komo, bai kuwa ƙare ba sai da Turawa suka zo.

Turawa sun iske Gwandu da babban suna da ƙaramin ƙarfi. Ingilishi suka aiko Joseph Thomson a 1885 neman yarjejeniya, Jamusawa ma suka aiko nasu wakilan a 1895, kowa yana son ya riƙe takarda mai hatimin Gwandu domin ya kafa hujja da ita a Turai. A 1897 Kamfanin Neja ya ci Bida da Ilori, Faransa kuma ta haɗiye Say da Dori. Lokacin da Sakkwato ta faɗi a watan Maris na 1903, Gwandu ba ta yi yaƙi ba. A farkon zamanin nan na Turawa ne aka mai da fadar Birnin Kebbi, bakin gulbi, inda ya fi musu sauƙin zirga-zirga da tattara haraji. Sarki ya tafi da sunan, ya bar garin. Ga amsar tambayar da na yi wa ɗalibin nan. Gaba tsakanin Kabi da gidan Shehu kuwa ta huce sannu a hankali, har a 1934 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu aka yi masa bikin su, wanda shi ne mafarin bikin kamun kifin da duniya ta sani.

Rabon Kalgo

Abin da ya rage wa Gwandu shi ya ƙara wa Kalgo. Muddin ana yaƙi, zama a bakin gulbi zama ne a bakin mashi. Da aka sami zaman lafiya, sai fadama ta koma dukiya, kusanci da Birnin Kebbi kuma ya zama gata. A tsarin En'e Kalgo ta zama gunduma mai daraja, hakiminta yana riƙe da sarautar Sarkin Gobir, kuma Alhaji Haruna Rashid ya riƙe wannan sarauta kafin ya zama Sarkin Gwandu a 1954, ya yi mulki har 1995. Garin ya fitar da manyan ma'aikata, cikinsu har da Mai Shari'a Umaru Atu Kalgo na Kotun Ƙoli. Da aka ƙirƙiro Jihar Kebbi ranar 27 ga Agusta, 1991, aka sa hedkwatarta a Birnin Kebbi, sai Kalgo ta wayi gari a ƙofar babban birnin jiha, a kan titin da ke zuwa Jega da Bunza. Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, wadda aka kafa a 2013, mazauninta na dindindin a ƙasar Kalgo yake.

Amma kada mu ɗauka fadama alheri ce zalla. Gulbin da ke kawo laka shi ke kawo ambaliya. A watan Nuwamba na 2015 a Jihar Kebbi aka ƙaddamar da shirin ba manoman shinkafa rance na Babban Bankin Nijeriya, noma ya bunƙasa, sai ga ambaliyar 2020 ta shafe gonaki masu ɗimbin yawa a kwarin nan, ta bar manoma da bashi. Gari kuma idan ya kusanci birni, gonakinsa kan koma filayen gini, ɗan manomi ya sayar da gādonsa ya koma ɗan haya. Kalgo tana fuskantar waɗannan abubuwa biyu, kuma yadda za ta fita ya danganta ga shawarar da za a yanke a ofis.

Abin da ya rage gare mu

A nan ne maganar ta zo kanku. A 1805 tsauni da kwari ne suka yanke hukuncin inda fada za ta zauna. A yau kuwa wanda ya ja layin titi a kan taswira, da wanda ya rubuta inda za a haƙa rijiya ko a gina makaranta, shi ke ɗaga wani gari ya sauke wani, sau da yawa bai ma taɓa ganin garin ba. Gwandu da Kalgo biyu ne daga cikin ƙananan hukumomi 21 na jihar, kuma a fayil dukansu layi ɗaya ne da lamba. Gobe ko jibi fayil ɗin zai zo gabanku. Ina roƙonku abu uku.

Na farko, ku je ku gani, domin gani ya kori ji. Ku hau tsaunin da ke bisa Gwandu ku dubi kwarin, ku nemi sauran ganuwar Bello, ku tsaya a bakin fadamar Kalgo a watan Satumba ku ga inda ruwa ke kaiwa. Ma'aikacin da ya ga wannan ba zai sa hannu a gina ɗakin shan magani a hanyar ruwa ba.

Na biyu, kowannenku ya rubuta tarihin garinsu a wannan hutu, komai ƙanƙantarsa. Ku zauna da tsofaffi, maza da mata, ku tambayi wanda ya sari garin, da inda ya fito, da dalilin sunan kowace unguwa, da shekarun yunwa da na ambaliya, da inda tsohuwar kasuwa take. Ku ji ta bakin gidan sarauta, ku ji ta bakin masunta da maƙera da makiyaya, ku rubuta duka ko da sun saɓa wa juna. Wayar da ke aljihunku ta isa ɗaukar murya.

Na uku, ku kula da takardu. Akwai littattafan hannu a gafakoki da adudai cikin gidajen malamai, gara da ɗigar ruwa suna cin su. Kada ku raba su da masu su. Ku nemi izini a ɗauki hotonsu, a kai kwafe wuraren da aka tanada don haka, kamar Gidan Tarihi na Waziri Junaidu a Sakkwato, da Gidan Arewa a Kaduna, da Gidan Tarihi na Kanta a Argungu. Kada mu jira wani Abdulkarimu ya sake zuwa daga Turai ya karanta mana abin da ke ƙarƙashin gadon kakanninmu.

Hausawa sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Ilmin da kuke nema a nan da kuɗin harajin manoman tudu da fadama ake biya muku shi, kuma mafi ƙarancin ladan da za ku mayar musu shi ne ku san sunan garinsu, da inda yake, da abin da ya gani. Idan na sake haɗuwa da ɗalibin nan, ina fata shi zai ba ni labarin abin da ya gano a Gwandu.